Mata masu zane da tsoffin almara: tambayoyi da amsoshi kan baje kolin Venice na 2022

Duk bayan shekara biyu, birnin Venice na ƙasar Italiya yakan cika maƙil da masu zane da masu sassaƙa da dillalansu daga ko'ina a duniya. Taron 2022, wanda shi ne karo na 59, ya fita daban: mata ne suka mamaye babban zauren, kuma da yawansu almara da tatsuniya da mafarki suka ɗauko suka yi aiki da su. An buɗe shi ranar 23 ga Afrilu, aka rufe ranar 27 ga Nuwamba, amma har yau gidajen baje koli da kasuwar zane suna bin sawunsa. Ga amsoshin tambayoyin da mai son fahimtar lamarin zai fi yi.

Wane irin baje koli ne wannan?

Sunansa Biennale, kuma tun 1895 ake yin sa. Kashi biyu ne. Akwai rumfunan ƙasashe, inda kowace ƙasa ke zaɓen wanda zai wakilce ta. Akwai kuma babban baje koli da ake damƙa wa mutum ɗaya ya tsara, ya gayyato wanda ya ga dama. Wannan na biyun a wuri biyu ake shimfiɗa shi: babban ginin da ke lambun Giardini, da kuma Arsenale, tsohuwar ma'aikatar ƙera jiragen ruwa ta birnin.

A 2022 Cecilia Alemani aka ba ragamar, haifaffiyar Milan da ke aiki a New York, kuma mace 'yar Italiya ta farko da ta riƙe wannan matsayi. Da a 2021 za a yi taron, annobar korona ta sa aka ɗaga shi da shekara guda, don haka ta Zoom ta gana da yawancin masu zanen. Ta gayyato mutum 213 daga ƙasashe 58, fiye da 180 daga cikinsu ba su taɓa shiga babban zauren ba. Maza ba su wuce kamar ɗaya cikin goma ba. A shekara 127 da aka yi ana wannan taro, wannan ne karon farko da mata suka fi yawa. An sayar da tikiti sama da 800,000, adadin da ba a taɓa kaiwa ba kafin nan.

Daga ina aka samo sunansa, The Milk of Dreams?

Sunan, wato madarar mafarkai, na wani ɗan littafi ne na Leonora Carrington. An haife ta a 1917 a yankin Lancashire na Ingila, a gidan attajirin masaƙa. Mahaifiyarta da mai renonta 'yan Ireland ne, su suka cika mata kunne da labaran mutanen ɓoye na ƙasarsu. Ta haɗu da mai zane Bajamushe Max Ernst a Landan a 1937, ta bijire wa iyayenta ta bi shi Faransa. Yaƙin Duniya na Biyu ya raba su: aka tsare shi, ita kuma ta tsallaka Sifaniya, inda aka kulle ta a asibitin masu taɓin hankali na Santander a 1940. Ta isa Meziko a 1942, a can ta yi mafi yawan sauran rayuwarta, a can kuma ta rasu a 2011.

A shekarun 1950 ta riƙa zana wa 'ya'yanta maza biyu wasu halittu a bangon gida tana ba su labarinsu, daga baya ta tattara a ɗan kundi. Labaran yara ne masu ban dariya da ban tsoro a haɗe, irin na yaron da fukafukai suka tsiro masa a wurin kunnuwa har kansa ya tashi sama ya bar gangar jiki. Abin da Alemani ta ɗauko daga nan shi ne duniyar da kowa ke iya rikiɗa ya zama wani abu daban.

Ta kuma gina ƙananan ɗakunan tarihi biyar a tsakiyar sababbin ayyuka. A ɗaya daga ciki ta haɗa Carrington da ƙawarta Remedios Varo, 'yar Sifaniya da ta rasu a Meziko a 1963, da Leonor Fini da Dorothea Tanning. Manufar ita ce a nuna cewa matan yau ba daga sama suka faɗo ba, suna da iyaye da kakanni a sana'ar, sai dai littattafan tarihin zane sun daɗe suna ambatonsu a matsayin matar wane ko budurwar wane.

Ai almara tsohon fage ne a zanen Turawa. Mene ne sabo a nan?

Tsohon fage ne ƙwarai, kuma a Venice ɗin ma aka yi babban gwaninsa. Titian ya yi wa Sarki Philip na Biyu na Sifaniya jerin zane shida daga almarar Girkawa da Rumawa, tsakanin shekarun 1550 da farkon 1560. Ɗauki na Europa. 'Yar sarki ce, babban abin bautarsu ya rikiɗa ya zama farin bijimi ya sace ta ya ratsa teku da ita. Titian ya zana ta a kishingiɗe a gadon bayan bijimin, ta riƙe ƙaho ɗaya, tufafi sun yaye, ƙafafu na lilo. Gwaninta kam ba a magana. Amma namiji ya zana, namiji ya biya, kuma don idon namiji aka yi. Duba ɗaruruwan zane irin wannan, za ka tarar da macen ko ana sace ta, ko ana leƙenta tana wanka, ko an ɗaure ta a jikin dutse tana jiran mai ceto, ko kuma dodanniya ce da jarumi zai fille wa kai.

Ba rashin hazaƙa ya hana mata ba da nasu labarin ba, ƙofa aka rufe musu. Lokacin da aka kafa Royal Academy, ƙungiyar manyan masu zane ta Ingila, a Landan a 1768 akwai mata biyu cikin waɗanda suka kafa ta, Angelica Kauffman da Mary Moser. Ba a sake ba wata mace cikakkiyar kujera ba sai Laura Knight a 1936. Babbar makarantar zane ta Faris sai a 1897 ta fara ɗaukar mata. A 1989 wata ƙungiyar mata a New York, Guerrilla Girls, ta ƙirga ayyukan da ke sashen zanen zamani na gidan tarihin Metropolitan, ta fitar da fasta: mata ba su kai kashi 5 cikin 100 na masu zanen ba, amma kashi 85 na tsiraicin da aka rataye a bango na mata ne.

To sabon abu shi ne hannun da ke riƙe da buroshi, da kuma inda labarin ke farawa. Idan mace ta ɗauko tsohon labari, sau da yawa daga cikin kan wadda aka yanka take farawa, ba daga bakin wuƙar jarumi ba.

Wace ce Belkis Ayón, da har aka sa ta a bakin ƙofar Arsenale?

A ganina ita ce zuciyar baje kolin baki ɗaya. 'Yar Kyuba ce, an haife ta a Havana a 1967, ta kashe kanta a 1999 tana da shekara 32. Kusan dukan rayuwar aikinta a kan labari ɗaya ta ƙare, kuma labarin daga ƙasar da ake kira Najeriya yau ya tashi.

Akwai wata ƙungiyar asiri ta maza zalla a Kyuba mai suna Abakuá, wadda aka kafa a 1836 a Regla, gefen tashar jiragen ruwan Havana. Tushenta ƙungiyar Ekpe ce ta yankin Kuros Riba, wajen Kalaba da kudu maso yammacin Kamaru, wadda mutanen da aka kwasa a cinikin bayi suka tsallaka teku da ita a zukatansu. Labarin kafuwarta ya ce wata 'yar sarki mai suna Sikán ta je ɗibar ruwa a kogi, sai wani kifi mai suna Tanze ya shiga tulunta, ta ji wata murya mai ban tsoro daga cikinsa. Wannan murya ita ce sirrin da duk wanda ya mallaka zai sami ƙarfi. Aka umarce ta ta yi shiru, aka zarge ta da fallasa sirrin ga wani daga ɓangaren abokan gaba, aka yanke mata hukuncin kisa. Daga nan aka haramta wa mata shiga. Wato mace ce ta fara jin sirrin, kuma a kan jininta aka gina gidan da aka hana mata taka ƙofarsa.

Ayón ba 'yar ƙungiyar ba ce, ba ta ma da damar zama. Daga rubuce-rubucen masu bincike irin su Lydia Cabrera ta koyi labarin. Da yake ƙungiyar ba ta da al'adar zana mutanen labarinta, ita ce ta ƙirƙira musu fuska, kuma fuskar da ta ba su ba ta da baki. Kai ne sumul, babu gashi, sai manyan idanu biyu masu kallonka kai tsaye. A jikin Sikán akwai ɓawon kifi. Ta riƙa amfani da surar jikinta da idanunta wajen fitar da ita, kuma ba ta ɓoye cewa tana ganin kanta a cikin Sikán ba. A La cena na 1991 ta ɗauko zaman cin abincin ƙarshe na Annabi Isa da almajiransa, yadda Kiristoci ke zana shi, ta sa Sikán fara fat a tsakiya, ta cika teburin da mata, ta sa kifi a akushi. Mutanen da ba su da baki sun zauna cin abinci.

A tuna kuma a wace ƙasa da wane lokaci take wannan aiki: Kyubar shekarun 1990, bayan rushewar Tarayyar Sobiyat, ga yunwa, ga rashin mai, ga kuma gwamnatin da ba a faɗa mata magana yadda aka ga dama. Mai kallo a Havana ba sai an yi masa bayanin fuska marar baki ba.

Ayyukanta ba su yi kama da fenti ba. Yaya take yin su?

Bugu ne, ba shafa fenti da buroshi ba. Takan sami kwali mai kauri, ta yanka surar da take so, sannan ta manna abubuwa iri-iri a kai: takardar gurza katako, takarda mai santsi, ɓawon kayan lambu, busasshen manne da ta zana layuka da shi. Sai ta shafe da tawada ta goge. Wuri mai kaushi yakan riƙe tawada da yawa ya fito baƙi ƙirin, wuri mai santsi ya sake ta ya fito fari, abin da ke tsakani ya ba da toka-toka kala-kala. Daga nan a ɗora takarda mai laima a bi ta cikin injin matsewa. Da yake injin ba ya ɗaukar babbar takarda, takan buga gutsure-gutsure ta jera su har aikin ya fi tsayin mutum. In ka matsa kusa, kowane ɓawon kifi da hannu aka yanka shi aka manna. Dabara ce da ta dace da ƙasar da kayan aiki suka yi wuya, kuma tun farkon shekarun 1990 ta ajiye sauran launuka ta tsaya kan baƙi da fari da toka.

A Venice an zagaye bangon ɗakin farko na Arsenale da waɗannan ayyuka, a tsakiya kuma aka girke Brick House na Ba'amurkiya Simone Leigh, mutum-mutumin tagulla na baƙar mace mai tsayin kusan mita 5, da kitso mai wuri a ƙarshensa, ba ta da idanu. Gangar jikinta kamar ɗakin laka, kuma Leigh ta ɗauko surar daga gine-gine irin na Musgum da ke Kamaru da Chadi. Mace marar ido a tsakiyar mata marasa baki. Wannan aiki ne ya ba Leigh lambar Zakin Zinare, babbar kyautar taron.

Paula Rego fa? An ce ta rasu ana cikin taron.

Haka ne, ranar 8 ga Yunin 2022 a Landan, tana da shekara 87. An haife ta a Lisbon a 1935, ta tashi a Fotugal ta zamanin mulkin kama-karya na Salazar, inda aikin mace shi ne biyayya da rufe baki. Matan gidansu suka shayar da ita tatsuniya, kuma da ta girma ta zauna ta yi binciken tatsuniyoyin Fotugal sosai. Abin da ta gano duk wanda ya saurari tatsuniya a bakin tsohuwa ya san shi: kafin a wanke ta a sa a littafin makaranta, tatsuniya cike take da mugunta, da kishiyar uwa, da yaron da aka jefar, da dodon da ke cin mutane.

Dubi Dog Woman na 1994. Mace ce ƙaƙƙarfa a durƙushe kan gwiwoyi da hannaye, ta karkatar da kai, ta yage baki haƙora a waje, ƙwaurinta mai kauri, tafin ƙafa ya sha ƙasa. Da allin launi aka yi shi, wanda Rego ta fi so saboda ana danna shi da ƙarfin hannu, ba a lallaɓa shi kamar buroshi. Wasu sun ce ƙasƙanci ne a zana mace kamar karya. Ita kuwa ta musa, ta ce ƙarfi ne take nunawa. Gaskiyar ita ce duka biyun suna cikin zanen: karya tana biyayya ga ubangidanta, tana kuma cizo.

A Venice an ba ta ɗaki guda. A ciki akwai Oratório, doguwar kabad ta katako irin wadda iyalan Katolika a Fotugal ke ajiye gumakan waliyyai a ciki. Da ka duba, maimakon waliyyai sai 'yan tsana sanye da kayan gidan marayu, a jikin ƙofofin kuma zanen fyaɗe da haihuwa a ɓoye da jefar da jariri. Ita ce kuma bayan ƙuri'ar raba gardama kan zubar da ciki a Fotugal a 1998 ta zana 'yan mata da matan aure a ɗakunan masu zubar da ciki a ɓoye, da bokiti a gefe. Ko mutum ya yarda da matsayinta ko bai yarda ba, ba zai ce tatsuniya ta ɗauke mata hankali daga abin da ke faruwa a unguwa ba.

Akwai 'yan Afirka a ciki?

Akwai, kuma wadda ta fi jan ido a fagen fenti ita ce Portia Zvavahera ta Zimbabuwe, haifaffiyar 1985. Daga mafarkinta take zane, kuma da harshen Shona take sa wa ayyukanta suna. Tana haɗa tawadar bugu da fenti, ta buga ado maimaitacce irin na atamfa ko leshi a kan ƙyallen, har ya zama kamar mayafi ya lulluɓe mutanen ciki. Mata ne a kwance ko a durƙushe, wasu halittu masu kama da mujiya na shawagi a kansu. Kirista ce mai riƙo da addini, kuma a wurinta zanen hanya ce ta fuskantar abin da mafarkin ya zo da shi, ba ado ba ne.

Akwai Merikokeb Berhanu ta Habasha. Akwai kuma Magdalene Odundo, haifaffiyar Nairobi, wadda ba mai fenti ba ce, maginiyar tukwane ce, amma tukwanenta suna da wuya da ƙugu da ciki kamar jikin mace. A 1974 ta zo cibiyar koyon ginin tukwane ta tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, ta koyi gini da hannu irin na Gbagyi a wurin Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20.

Me ya sa ake yawan gauraya jikin mace da na dabba?

Domin a tsoffin labarai rikiɗa hukunci ce da ake yi wa mace, ko kuma shaidar cewa ita mayya ce. Waɗannan masu zane sai suka mai da ita zaɓi. Leonor Fini ta shafe shekaru tana zana halittar nan mai kan mace da jikin zaki, amma a wurinta ita ce mai gadi, namiji kuma shi ne kyakkyawan da ke barci ana kallonsa.

Cecilia Vicuña ta ƙasar Chile, wadda juyin mulkin 1973 ya mayar 'yar gudun hijira, ta zana Leoparda de Ojitos a 1977: damisa a tsaye tsakanin bishiyoyi biyu, duk jikinta idanu ne a maimakon ɗigo-ɗigo. An saba mace ce abin kallo, ga wadda ke kallo da dukan fatarta. Vicuña ta ce ta koyi darasi daga masu zane 'yan asalin Cuzco na ƙasar Peru, waɗanda Sifaniyawa suka tilasta wa zana waliyyan coci, su kuma suka riƙa cusa nasu abubuwan a ciki. Ita da Bajamushiya Katharina Fritsch aka ba Zakin Zinare na aikin rayuwa a wannan shekarar.

Firelei Báez, daga Jamhuriyar Dominika, ta daɗe tana aiki da ciguapa, macen daji mai dogon gashi wadda ƙafafunta ke kallon baya, don haka mai bin sawunta kullum ɓata yake. Takan yi fentinta a kan kwafin tsoffin taswirorin Turawan mulkin mallaka, launi ya malale ya rufe iyakokin da suka shata. Myrlande Constant ta Haiti kuwa da duwatsun ado da allura take nata zanen, sana'ar da ta koya a masana'antar ɗinkin rigunan amare, kuma 'yan ruwa suna cikin abin da ta kai Venice.

Wannan duka ba gudun gaskiya ba ne? Duniya na cin wuta, su suna zana aljanu.

Ga wasu, ƙwarai gudun gaskiya ne. Akwai ayyukan da in ka cire ƙaho da fukafukai da wata da taurari, babu abin da ya rage. Amma na ƙwarai ba haka suke ba. Sikán magana ce kan wanda aka ba izinin magana da wanda aka hana. Kabad ɗin Rego magana ce kan 'ya'yan da al'umma ta haifa ta ƙi karɓa. Inda faɗar abu ƙarara ke jawo ɗauri ko tsangwama, mata sun daɗe da sanin cewa ana iya sa shi a bakin kura ko gizo a wuce lafiya. Ma'aunin da nake amfani da shi ke nan: in an tambayi zanen wa yake nufi a duniyar nan tamu, yana da amsa?

Ba a zalunci maza ba kuwa?

An yi wannan ƙorafi. Amsarsa gajeriya ce: fiye da shekara ɗari maza ne suka fi yawa, ba a taɓa kiran taron baje kolin maza ba. Sai a 2005 aka fara ba mata ragamar tsara shi, María de Corral da Rosa Martínez.

Sukar da ta fi wannan nauyi daban ce. Idan kullum aka haɗa mace da mafarki da tsafi da ƙasa da haihuwa, namiji kuma da hankali da lissafi, ai tsohon rabon da ake kuka da shi ne aka dawo da shi da sabuwar riga. Wannan gaskiya ce, kuma baje kolin bai kuɓuta daga gare ta gaba ɗaya ba, ko da yake Alemani ta ware ɗakuna ga matan da suka yi aiki da lissafi da na'ura da kwamfuta, irin su Vera Molnár. Sannan yawan ya yi yawa. Ayyuka sama da dubu a wuri ɗaya, dole mai ƙaramar murya ya nutse.

Akwai tsiraici da abubuwan da suka saɓa wa tarbiyyarmu?

Akwai, babu amfanin ɓoyewa. Ayyukan Miriam Cahn ta Switzerland, alal misali, suna nuna jiki tsirara da haihuwa da cin zarafi ba tare da sakaya ba, damisar Vicuña ma ba ta rufe komai ba. Akwai kuma abubuwan bautar gargajiya na Haiti da Kyuba. Hukuncin zana mai rai da kallonsa magana ce ta malamai, kowa ya san inda yake tambaya. Abin da za a iya faɗa a nan shi ne, ba duk tsiraici ne aka yi don sha'awa ba, na Cahn ma don ya tayar da hankali aka yi shi, kuma mutum na iya sanin abin da Ayón ko Zvavahera suka yi ba tare da ya amince da duk abin da aka rataye a Venice ba.

Ba a ƙasashen Musulmi kaɗai ake wannan takaddama ba. Shahzia Sikander, haifaffiyar Lahore da ta yi karatun zanen ƙananan hotuna irin na tsoffin littattafan Farisa da Indiya, ta yi mutum-mutumin mace mai ruwan zinare da kitso naɗe kamar ƙahon rago. Da aka kafa shi a Jami'ar Houston ta Amurka, wata ƙungiyar masu adawa da zubar da ciki ta ce na shaiɗan ne, kuma a watan Yulin 2024 wani ya fille masa kai da dare. Sikander ta nemi a bar shi haka kada a gyara.

Kasuwa ta canza bayan wannan?

Ta motsa. A watan Mayun 2024 an sayar da Les Distractions de Dagobert, wanda Carrington ta zana a 1945, kan dala miliyan 28.5 a gwanjon Sotheby's a New York. Attajirin Ajantina Eduardo Costantini ya saya. A Mayun 2025 wani zanen Marlene Dumas, haifaffiyar Afirka ta Kudu, ya kai dala miliyan 13.6, mafi tsada da aka taɓa sayar da aikin mace mai rai a gwanjo zuwa lokacin. Kafin a yi guɗa, a tuna cewa zomon ƙarfe na Jeff Koons, namiji mai rai, dala miliyan 91.1 aka saye shi a 2019.

Kuɗin yana da nasa sharri. Da dillalai suka ga abin na tafiya, sai ƙananan gidajen baje koli suka cika da 'yan ruwa da mayu da alloli mata, wasu da gaske, wasu don an ga ana saye.

Akwai wadda ta yi irin wannan aiki a kan ƙasar Najeriya?

Toyin Ojih Odutola. An haife ta a Ile-Ife a 1985, ta girma a jihar Alabama ta Amurka. Ba ta cikin jerin Venice na 2022, amma aikinta A Countervailing Theory, wanda aka buɗe a gidan baje kolin Barbican da ke Landan a watan Agustan 2020, yana kan wannan layi. Ita ba tsohuwar almara ta ɗauko ba, sabuwa ta ƙirƙira, ta kuma dasa ta a cikin duwatsun jihar Filato. Zane 40 ne da gawayi da alli da allin launi, fari da toka a kan baƙi, jere a bango mai lanƙwasa na mita 90, mai kallo na tafiya labarin na buɗewa.

A labarin, wata daɗaɗɗiyar al'umma ce da mata mayaƙa da ake kira Eshu ke mulki, maza kuma da ake kira Koba ƙera su ake yi don haƙar ma'adinai da noma. Wata jaruma Akanke da wani bawa Aldo suka ƙulla alaƙar da dokar ƙasar ta haramta. Odutola ta gabatar da zanen kamar hotunan allunan dutse ne da masu haƙar ma'adinai suka tono a yankin Jos, ita kuma mai binciken da ta yi nazarinsu. Wanda ya san cewa a wurin haƙar kuza aka fara tsintar gumakan Nok zai ga inda dabarar ta samo ƙarfi.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta mayar da mulkin mata aljanna ba. Matan Eshu suna danniya kamar yadda duk mai iko marar birki ke yi. A 2024 Odutola na cikin waɗanda suka wakilci Najeriya a rumfarta a Venice, karo na biyu da ƙasar ta kafa rumfa bayan na 2017.

Yanzu da an rufe, a ina za a ga waɗannan ayyuka?

Sun watsu. Shafin intanet na Biennale yana ɗauke da hotuna da taƙaitaccen bayani kan kowane mai zane na 2022, kuma nan ne mafi sauƙin farawa, ko da yake waya ba ta nuna girman aiki ko kaushin takardar Ayón. Rego tana da gidan tarihi nata na kanta a garin Cascais kusa da Lisbon, Casa das Histórias, wanda aka buɗe a 2009. Carrington ma tana da nata a San Luis Potosí na Meziko, a cikin wani tsohon gidan yari, tun 2018, sai dai mutum-mutumi ya fi yawa a can. Iyalan Ayón ne ke kula da abin da ta bari a Havana, kuma su suka ba da haɗin kai aka yi mata manyan baje koli a Los Angeles a 2016 da gidan tarihin Reina Sofía na Madrid a 2021.

Ita kuwa Biennale, bayan Okwui Enwezor, haifaffen Kalaba da ya tsara ta 2015, an zaɓi Koyo Kouoh, haifaffiyar Kamaru, ta tsara ta 2026, mace 'yar Afirka ta farko da aka ba wannan aiki. Ta rasu a watan Mayun 2025, hukumar taron kuma ta sanar cewa za a aiwatar da baje kolin bisa tsarin da ta bari.